Mesar Sarkin Dawan Al Nahda

Duk wanda ya ce Dubai ba ta yi sa'ar mutane ba, bai taɓa ganin Injiniya Mubashir Sha-Kallo yana fitowa daga jirgin metro da safe ba. Sauran bayin Allah fitowa suke yi kawai, kowa yana sauri kar a yanke masa albashi. Shi kuwa saukowa yake yi. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara zaman hula, ya ja hannun riga don agogo ya sha iska, ya dubi tashar dama da hagu kamar mai duba gonar gado, sannan ya ba 'yan Indiya da 'yan Filifin ɗin da ya tare wa hanya izinin wucewa. Allah ya yi masa baiwa iri-iri, amma babbarsu ita ce bai taɓa shiga wuri ya ga wanda ya fi shi ba.

Kar ka tambayi injiniyan mene ne, wannan rashin ladabi ne. Abin da idon talaka ke iya gani shi ne yana aiki a wani shagon kago a Deira, yana ɗora jakunkunan 'yan kasuwa a sikeli yana ɗaure su da salatef. Amma katin da ya buga wa kansa ya ce shi darakta ne mai kula da Afirka ta Yamma baki ɗayanta, kuma wa ya isa ya yi gardama da kati? Masaukinsa yana Al Nahda, can hawa na sha tara, a wani fulat da ake rabawa. An tsaga falo biyu da katako, ɓangaren taga ya faɗo wa Injiniya, ɓangaren ƙofa ya faɗo wa Yunana, wani mutumin Kagoro mai gyaran wutar lantarki. In ɗaya ya yi tari, ɗayan ne ke farkawa. Wannan ɓangaren taga shi ake kira Fada, kuma in za ka shiga sai ka yi sallama sau biyu ko da kana hango mai Fadar ta tsagar katako. Babu wata mota mai tsada da ta taɓa kwana a titin unguwar ba ta yi hoto da shi ba, ya dafa ta da hannu ɗaya yana kallon nesa. Mutanen Ɗambatta sun daɗe da yanke cewa ɗansu ya fi gwamna motoci.

Abu ɗaya ne ya hana wannan babban mutum barci, shi ne rashin sarauta.

Kowace Juma'a bayan la'asar, Hausawan Deira kan zauna a bayan wata kafteriya su sha shayin karak mai madara da kayan ƙamshi su yi gulmar farashin kwantena. Uban majalisar shi ne Alhaji Ɗalhatu Mai-Yadi, dattijon da ya zo garin tun kafin a shimfiɗa metro, mai fararen kaya da farin gemu da baƙin barkwanci. In ransa ya yi daɗi yakan raba sarautu. Akwai Sarkin Shayi, akwai Magajin Kwantena, akwai Wazirin Biza wanda tasa bizar ta fi ta kowa yawan mutuwa. A ɗaura wa mutum ƙyalle a ka, a yi hoto, a yi dariya, wanda aka naɗa ya biya kuɗin shayi, shi ke nan. Kowa ya san wasa ne. Kowa, ban da mutum ɗaya.

Ranar da haƙurin Injiniya ya ƙare, ya miƙe tsaye da kofin takarda a hannu.

"Baba Alhaji, ranka ya daɗe, ba don kaina nake magana ba, don tarihi nake yi. Kakana na wajen uwa da hannu yake kama kura, ya murɗe mata kunne ta ce wayyo. Jinin nan yana jikina yana tafasa. Bai kamata a ce al'umma kamar tamu a ƙasa kamar wannan ba ta da Sarkin Dawa ba. Me Larabawa za su ɗauke mu?"

Alhaji Ɗalhatu ya dubi hagu, gini. Ya dubi dama, gini. Ya ce, "Mubashiru, wace dawar?"

"Dawa a zuciya take, Baba Alhaji."

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Wannan jikan makamin kura, in tsaka ta faɗo a banɗaki Yunana yake ƙwala wa kira. Ya fara kawo hotonsa da shaho a dantse, aka ce masa kowa a majalisar yana da irinsa, a wajen yawon sahara ake haya, har matar Sarkin Shayi ta yi. Alhaji ya ce in dai Sarkin Dawa ne to a ga dabbar dawa a ƙarƙashinsa, tana ci a hannunsa, a gaban idon majalisa. Ranar da aka ga haka, shi da hannunsa zai naɗa masa rawani. Dattijo ya faɗa ne don a rufe zancen a sha shayi. Bai san ya buɗe ƙofa ba.

Mako bai zagayo ba Injiniya ya shigo da mesa.

To, mesa dai sunanta mesa. Amma kar ranka ya kai ga irin wadda ke haɗiye ɗan akuya a bakin fadama. Wannan jaririya ce, ba ta wuce kamu ɗaya ba, gajera mai kauri kamar guntun muciya, jikinta ja-ja da zane-zane kamar an yi mata lalle. Irinta ake kira mesar jini saboda wannan launin, asalinsu can ƙasashen Asiya masu ruwa da dausayi. Mai shagon da ya sayar da ita, wani siririn mutum mai fuskar gajiya, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce a sa ta a ƙaramin akwatin roba mai huji-huji, a shimfiɗa mata jarida, a ajiye kwanon ruwa da wani abin da za ta shige ta ɓuya. Ba ta son zafi sosai, ba ta son sanyi, tana son ɗan laima. A ƙyale ta kamar mako guda, kar a taɓa ta, kar a yi ta leƙenta. Daga nan a ba ta ɗan ɓera na firiza, a narke shi a ruwan ɗumi, a rage haske.

"Khalas, habibi," in ji Injiniya da guntun Larabcinsa, wato ya isa haka, ya ɗaga masa hannu. "Kai sayar da su kake yi. Mu gadonsu muka yi."

Akwatin roba! Jarida! Ai ko a motar haya da ta kawo shi gida bai daina jin zafin wannan cin mutunci ba. Ya raɗa mata suna Gimbiya tun kafin su iso, kuma Gimbiya ba ta kwana a mazubin takalmi. Ya sayo gidan gilas mai faɗin da ya cinye rabin Fada, har sai da ya koma kwana a takure ƙafafunsa na dukan katakon Yunana. Ya shimfiɗa mata jan kafet. Ya kafa madubi a bayan gilas ɗin don ta zama biyu a hoto. Ya jera fitilu masu canza launi, kore, shuɗi, ja, dare da rana. A tsakiya ya dasa ɗan gunkin roba na dogon benen nan na Dubai, irin wanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, wai don ta san a garin da take. Ya ɗora mata ƙwan fitila mai zafi a ka, don a iliminsa duk maciji ɗan sahara ne. Wurin ɓuya kuwa ya ce haram.

"Ɓarawo ke ɓuya," ya gaya wa Yunana ta saman katako. "Wanda ya gaji sarauta zama yake yi a fili a gan shi. Ni ka taɓa ganin na ɓuya?"

Yunana ya ce bai taɓa gani ba, gaskiya, ko da ya so.

Ita kuwa baiwar Allah ta zagaya gidan gilas sau ɗaya, ta nemi duhu ta rasa, ta nemi lungu ta rasa. Ta cusa kanta ƙarƙashin gefen kafet, sauran jikin a waje, ta yi lamo. Tausayi ya kamata mutum ya ji. Injiniya daɗi ya ji, ya ce dubi yadda take sunkuyar da kai in ya shigo, tarbiyya ke nan.

Baƙonka annabinka, kuma Injiniya ba ya wasa da baƙo. Aka shiga zuwa barka. Duk wanda ya zo sai an ƙwanƙwasa gilas Gimbiya ta gaishe shi, sai an janye kafet, sai an haska ta da waya. Ana idar da sallar isha'i yakan kunna turaren wuta ya kewaya gilas da kasko, wai kar ɗakin 'yar sarauta ya yi ƙarni, ita tana huci shi yana cewa godiya take yi. Ranar da ya sa hannu zai ɗauko ta don hoto, ta kai masa cizo a babban yatsa. Ihun da ya yi har hawa na sha bakwai an ji. Ba ta da dafi, ciwon bai fi na ƙayar kifi ba, amma washegari ya je aiki da bandeji har gwiwar hannu, ya ce wa masu kawo kaya su yi haƙuri yau ba zai iya ɗaga jaka ba, sun yi artabu da mesa. Tun daga ranar bai sake taɓa ta ba, daga nesa yake mulki.

Sai batun abinci. Nan ne ilimin Injiniya ya fito fili.

"Ɓera? Mataccen ɓera na firiza? Subhanallahi! A gidana ba a cin mushe. Abin da ban ci ba, na ƙarƙashina ba ya ci. Duk abin da zai shiga bakin Gimbiya sai an yanka shi da bismilla."

Ya fara da tsire mai ƙuli, daga wajen wani ɗan Agadas a Hor Al Anz. Ta ƙi. Ya ce yaji ne ya yi yawa, ya kawo balangu. Ta ƙi. Ya kawo kilishin da aka aiko masa daga gida, ya jiƙa shi don ya yi laushi. Ya kawo dafaffen ƙwai an ɓare, don kowa ya san maciji da ƙwai. Ya kawo madara a kofin shayi, ya kawo hantar rago, ya kawo cinyar kaza soyayya da ɗan albasa a gefe. Kowane kwano yakan kwana ƙarƙashin fitilar zafi, da safe warin ya tsallaka katako ya tashi Yunana kafin agogonsa. Gimbiya ko harshe ba ta fito da shi ba.

Da aka tambaye shi a majalisa, ya kurɓi shayi ya yi murmushin manya. "Fulako ne. Ku ba ku san 'ya'yan gidan girma ba. Baƙuwa ta zo ta hau cin abinci ran farko kamar 'yar gudun hijira? Haba. Shwayya-shwayya, a hankali za ta ci."

Makonni suka tura. Maciji yana da haƙurin yunwa, amma jaririya jaririya ce. Kaurin nan ya fara saki, fata ta fara tattarewa a wuya, jan ya dushe. Alhaji Ɗalhatu, wanda wasan ya fara isarsa, ya ce Juma'a mai zuwa majalisa za ta tashi ta koma Fada. In Gimbiya ta ci, a yi naɗi. In ba ta ci ba, a bar zancen Sarkin Dawa har abada, a maida wa masu ita abarsu tun da sauran numfashinta.

Abin da Alhaji bai sani ba shi ne, a Ɗambatta an riga an gama naɗin. Tun ranar da mesa ta kwana a Fada Injiniya ya buga wa matarsa Muhsinat waya ya ce al'ummar Hausawan Daular Larabawa sun taru sun matsa masa, ya ƙi, sun yi kuka, ya karɓa. Muhsinat ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. An fitar da anko. An buga kalanda da hotonsa, an ƙara wa mesar girma har ta kai tsawon motar da ya dafa. Surukinsa ya sanar a masallaci. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, to shi nasa har da kalanda. A wannan makon, karo na farko tun zuwansa Dubai, tsoro ya kama Mubashir. Tsoro na gaske, mai hana cin abinci. Ya rame, Gimbiya ta rame, Fada ta zama gidan masu azumi biyu.

Ranar Alhamis ya saɗaɗa shagon dabbobi da baƙin tabarau, ba hula, ya sayo ɗan farin ɓera a daskare cikin leda. Ka ce ya sauko daga ra'ayinsa? Ashe ba ka san manya ba. Da Yunana ya buɗe firizar da duk fulat ke amfani da ita ya ga 'yar wutsiya kusa da kifinsa ya yi salati irin nasu na Kirista, Injiniya ya fito ya yi masa bayani.

"Maƙwabci, kwantar da hankalinka. Wannan ba ɓeran rumbu ba ne irin na ƙauyenku. Na Turai ne, a jirgi ya zo, yana da takardu. Na zurfafa bincike, na gano hukuncin mushe bai hau kan dabba ba. Dama na sani, gwada ku nake yi."

Juma'a ta zo. Bayan la'asar mutum goma sha suka dunguma cikin lif, suka cusu a ɗakin da mutum ɗaya ke kwana a takure. Alhaji Ɗalhatu ya samu kujerar roba ɗaya tilo, fararen kayansa na ɗaukar ido. Sauran suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, Wazirin Biza a kan gado, Sarkin Shayi rabinsa a ɓangaren Yunana. Mai Fada ya sha babbar riga mai aska takwas, ya yi wanka da turare, a kafaɗarsa ga sabon farin rawani da ya saya da kansa don kar a wahalar da majalisa. An narke ɓera a ruwan ɗumi, an kwantar da shi a farantin tangaran mai bakin zinariya. An kunna duk fitilu. Wayoyi suka tashi sama.

Da ya miƙa ɓeran nan da ɗuminsa, wa ya sani. Amma ina! Babban taro ba ya tafiya ba jawabi.

"Baba Alhaji, manyan baƙi, 'yan'uwana na nan da na gida masu kallo. Yau rana ce da tarihi zai tsaya ya gyara hula. An ce ba dawa a Dubai. Ga dawa na kawo hawa na sha tara. An ce dabba ba ta san girma ba. Ga dabba za ta ci a hannun ubangidanta, kamar yadda kura ta ci a hannun kakana. Ni ba mai son a san ni ba ne, kowa ya shaida..."

Ya taɓo kakansa, ya taɓo yarintarsa, ya taɓo matsalar matasan yanzu da ba sa jin shawara. Ya gode wa kansa a madadin al'umma. Kafin ya kai ga amin ɓera ya huce ya yi sanyi kamar tuwon jiya, zufa ta jiƙa kowa, Sarkin Shayi ya fara gyangyaɗi a tsaye.

Sannan ya ɗauko awartakin Yunana, wanda ya ara ba da sanin mai shi ba, ya kama wutsiyar ɓera ya zura cikin gilas. Aka janye kafet. Gimbiya ta ga haske, ta ga wayoyi, ta ga ƙattai sun yi mata rumfa, ta tura kanta ƙarƙashin cikinta ta dunƙule.

"Bismilla, Gimbiya. Yalla." Shiru. "Ci mana, 'yar gidan girma, ga baƙi." Shiru. Ya goga mata ɓeran a baya, ta yi huci. Ya sunkuya har hularsa na taɓa gilas, murya ta sauko, ba jawabi ba kirari. "Don Allah ki ci. Don girman Allah. Ki rufa min asiri."

Wani ya yi tari don ya danne dariya. Daga masallacin ƙasa aka kira magariba. Alhaji Ɗalhatu ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce salla ba ta jiran maciji. Hannun Injiniya ya saki, ɓera ya faɗa kan jan kafet, aka bar shi a nan. Jama'a suka fice suna gyara riguna, shi a baya, rawani a kafaɗa. Yunana, wanda ya gaji da biyan rabin kuɗin wutar da ba shi ke sha ba, ya leƙo ya ga ba kowa, ya bi fitilun nan ɗaya bayan ɗaya ya kashe, ya ja labule, ya tafi siyan burodi.

Ɗaki ya yi duhu, ya yi tsit. Karo na farko tun da ta zo gidan, ba haske, ba mai kallonta. Gimbiya ta zaro kai, ta fito da harshe, ta lallaɓa ta sami ɓeranta. Yunwa ba ta tambayi ɗumi ba. Ta haɗiye shi a natse, ta ja jiki ta koma gefen kafet.

A ƙofar masallaci Alhaji ya dafa kafaɗar Mubashir ya ce ya yi haƙuri, sarauta ta Allah ce, gobe ya maida dabbar mutane. Majalisa ta raka dattijo filin da ake ajiye motoci a bayan benen. Mubashir ya hau sama shi kaɗai yana tunanin anko da kalanda da fuskar surukinsa. Ya kunna fitila. Ya duba kafet, ba ɓera. Ya duba bayan gunkin bene, ya duba kwanon ruwa, ba ɓera.

"Ta ci! Allahu akbar, ta ci!"

Ya juya don ya ga wa ya gani. Katako ne kawai da labule. Ya ɗauki hoto, amma mesar jini dama can gajera ce mai tumbi, ɗan ɓera bai canza mata fasali ba, hoton yau da na jiya duk ɗaya. Ya buga wa Alhaji waya yana haki. Dattijo ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Mubashiru, taga gare ka, kuma hawa sha tara ne. Kowa na iya jefa ɓera." Aka ji dariyar majalisa ta cikin wayar.

Wannan ita ce gaskiya ta farko da Injiniya ya faɗa a garin nan, kuma ba ta sami mai saye ba. Abin ya yi masa ciwo har ƙashi. Mutumin da tsaka ke kora daga banɗaki ya zura hannu biyu cikin gilas ya sunkuto mesa, ko tunanin cizo bai yi ba. Lif ya tsaya a wani hawa ya ƙi zuwa. Ya bi matakala, babbar riga na tashi, yana tsallake biyu-biyu, baiwar Allah tana jijjiga a hannunsa kamar gorar nono a kan jaki. Maciji kuwa in ya haɗiyi abu ba abin da yake so sai a ƙyale shi ya kwanta kwana biyu. In aka dame shi, ba ya gardama, maido wa mutum kayansa yake yi.

Ya iso filin motoci ba hula, numfashi na fita da ƙyar. Alhaji ya riga ya zauna a gaban mota, ƙofa a buɗe, ana sallama. Jama'a suka ga mesa suka dare.

"Baba Alhaji, taɓa! Taɓa cikinta ka ji! Ga shi nan, wallahi ga shi nan, nan daidai!"

Ya miƙa ta saman cinyar dattijo, ya sa babban yatsa ya danna wurin don shaida ta fito sosai. Shaida kuwa ta fito. Gimbiya ta miƙe wuya, ta wage baki, ta yi wata irin murɗawa, ta amayo ɓeran nan ɗungurungum, jiƙe sharkaf da yauƙi, ya sauka a tsakiyar farar shaddar Alhaji Ɗalhatu Mai-Yadi.

Ba wanda ya yi dariya. Warin ne ya fara magana. Wayoyin da suka gaji a sama suka sake tashi, wannan karon ba wanda ya roƙe su.

Alhaji ya dubi cinyarsa, ya daɗe yana dubanta. Ya dubi hagu da dama ko akwai tsumma, babu. Sai ya miƙa hannu a hankali ya zare farin rawanin daga kafaɗar Mubashir. Ya ɗauke ɓeran da shi, ya goge shaddarsa da gefe ɗaya, ya goge yatsunsa da ɗaya gefen, ya ƙudundune, ya ɗora masa a hannun da ba mesa.

"Mun shaida, ɗana, ta ci. Ba ka yi ƙarya ba." Ya ja ƙofar mota, ya sauke gilas. "Ungo rawaninka. Ka nemi kwandon shara ka saka, kar ka yar a ƙasa. Garin nan tara suke ci."